Kwana Uku a Ƙofar Kawu

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Kawu, yayan mahaifiyata, ya rasu wata Talata da hantsi a Vénissieux, gefen Lyon, cikin ɗakinsa na hawa na tara. Tagar ɗakin a buɗe take duk da sanyi, don shi ya ce a bar masa ita haka. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Kafin azahar gidan ya cika, takalman masu ta'aziyya sun kai har bakin matakala. Inna, mahaifiyata, ta kira daga Damagaram, ta yi kukanta ta gaji, sannan ta yi mini tambayar da ta shekara arba'in tana yi masa: "Ya gama karatun nan nasa kuwa?" Na ce bai gama ba. Sai ta ce, "Kullum cewa yake saura kaɗan."

Ɗiyarsa guda, haifaffiyar nan, ta zauna a ƙasa gaban kwalayen takalma da ya cika da ƙananan katuna. Gaban kowane kati Latin ne, tsohon harshen coci, bayansa kuma Hausa da ajami. "Papa ya bar mini duk wannan," ta ce, "kuma ba gefen da zan iya karantawa. C'est pas juste." Wato ba a yi mata adalci ba. Wata tsohuwar Baturiya da suka yi aiki tare a ɗakin karatu ta zo da kek a hannu, ta tuɓe takalmanta ba wanda ya ce mata. Ta faɗa mana cewa shekara talatin ya yi yana jera littattafai a kanta, kuma bai taɓa ɗauko tsohon littafi bai yi masa magana ƙasa-ƙasa ba.

Ina ɗauke da faranti zan wuce falo na ji wani mutum, wanda ko sau biyar bai gaisa da Kawu ba a duniya, yana tambayar na kusa da shi: "Wai da gaske ne marigayi shina shiga coci?" Ni dama ba a yaba mini haƙuri. Na ce, "Yana shiga, Malam. Yana kuma tashi asuba kafin kai ka juya." Wata gwaggo ta mintsine ni har shatin farcenta ya kwana a hannuna. Amma tambayar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ba na son Kawu ya ƙare a bakin mutane a matsayin tsohon nan mai shiga coci. Yana da laifinsa na gaske. Akwai ƙofar da ya ƙi buɗe wa amininsa, ita ce ta dame shi har ƙarshen ransa, kuma ita ma zan faɗe ta.

Na zo Lyon farkon shekarun 2000, karatun kimiyya a Villeurbanne. Lahadin farko Kawu ya zo ya ɗauke ni. Na zaci kasuwa za mu je a saya mini rigar sanyi. Sai ga mu mun fito daga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, a tsohon gari, bakin kogin Saône, hazo ya kwanta kan ruwa har ba a ganin ɗaya ƙarshen gada. Ya shige babban cocin wurin, ina bin sa ina waige-waige kada wani ɗan Nijar ya gan mu. Ya zauna a benci na ƙarshe, ya ɗora hannuwa kan gwiwa, ya lumshe ido.

"Kina jin su?" ya ce.

"Su wa, Kawu?"

"A ɗakin nan Paparoma ya tara manyan limamansa, suka ce sun tuɓe sarki mafi girma a Turai. Da suka gama, suka kashe kyandirorinsu gaba ɗaya. Shekara ɗari bakwai da wani abu ke nan. Ni har yanzu ƙaurin nake ji."

Ni dai ƙamshin tsohon katako na ji, ga yunwa.

Haka yake. Ya zo Faransa tun kafin a haife ni, karatun tarihi, ya ɗauko binciken digiri a kan rigimar Paparoma da sarakuna. Bai gama shi ba, bai kuma taɓa ajiye shi ba. Mutanen da suka shekara kusan dubu da mutuwa, yana maganarsu kamar maƙwabta da suka fita kasuwa. Paparoma a bakinsa Limamin Rum ne, abokin rigimarsa kuma Sarkin Jamus. Ranar Lahadi yakan dama mana fura da nonon kanti da garin geron da ake aiko masa daga gida, mu ɗalibai biyar ko shida zaune a ƙasa, sai ya fara ba wanda ya tambaye shi.

"Da can, in limamin babban gari ya mutu, sarki ne ke zaɓen sabo. Ya miƙa masa zobe da sanda, shi ke nan ya zama liman. Wani ɗan'uwan sarki ne, wani abokin farautarsa, wani ko karatu bai iya ba. Sai wasu masu zuhudu suka tashi suka ce a'a, hannun da ke riƙe takobi ba zai miƙa sandar ibada ba. Ɗaya daga masu wannan ra'ayi ya zama Limamin Rum, ya hana. Sarkin Jamus ya aika masa cewa ya sauka. Shi kuma ya fitar da sarki daga cikin jama'a: ba mai ci da shi, ba mai gaishe shi, hakimansa ma aka kwance musu rantsuwar biyayya."

"Sai aka yi yaya?" wani zai tambaya, don a ƙara masa fura.

"Sai sarki ya tsallaka duwatsu a tsakiyar sanyi, ya je Canossa, inda Limamin yake cikin wata ganuwa. Ya tsaya a ƙofa ba takalmi, cikin ƙanƙara, kwana uku. A na uku aka buɗe, aka yafe masa." Nan Kawu kan ɗaga ludayi. "Amma ku ji ƙarshen. Da sarki ya ga ƙafarsa ta tsaya, ya dawo da runduna, har sai da Limamin ya bar Rum. A gudun hijira ya mutu. Ku riƙe wannan."

Mun riƙe, amma ba kamar yadda shi ya riƙe ba.

Sai da na shekara biyu na san abin da ya haɗa ɗan Damagaram da waɗannan mutane. Lokacin na faɗi jarrabawa, na kulle kaina a ɗaki ina cewa gida zan koma. Bai yi mini wa'azi ba. Ya ari mota ya kai ni Cluny, wani ƙaramin gari arewa da Lyon, inda masu zuhudu suka yi gidan ibada wanda tun kafuwarsa aka rubuta cewa ba sarkin da zai sa masa hannu. A zamaninsa ba coci mai girmansa a Turai. Yau saura hasumiya da ɓangare guda, sauran an rushe an yi gidaje da duwatsun. Kawu ya bi titi yana awo da taku, yana nuna mini bangon da babu shi. "Nan kina ciki," ya ce. "Nan ma kina ciki. Mai shagon can, a tsakiyar masu ibada yake ciniki bai sani ba." Ya yi ta yi har na fara ganin rufin a sama, inda tsuntsaye ke wucewa.

A gindin hasumiyar muka zauna, ya ba ni labarin Kaka, mahaifinsu shi da Inna. Limamin Juma'a ne a garinmu, sarkin gari ne ya naɗa masa rawani. Wata shekara ta yunwa ya yi huɗuba a kan hatsin da ake ƙwace wa talakawa. Bayan salla dogari ya tare shi a ƙofar masallaci, ya ce sarki na son rawaninsa. Kaka ya warware shi da hannunsa, ya naɗe, ya miƙa, ya taka gida kai ba komai. "Ina da shekara tara, ina bayansa riƙe da buzu," Kawu ya ce. "Ban taɓa ganin tsakiyar kan babana ba sai ranar. Ashe sanƙo gare shi." Ya yi dariya, ya share ido. "Tun ranar nake tambaya: wa ke naɗa liman, wa kuma ke da ikon kwance shi? Da na zo nan na tarar Annasara sun daɗe suna dambe a kan tambayata, sun kuma rubuta komai. Sai na zauna karantawa." Washegari na koma aji, har yau ban san dalili ba.

Yanzu sai maganar Alhaji, amininsa. Mutumin Tahoua ne. Jirgi ɗaya ya kawo su Faransa, ɗaki ɗaya suka zauna shekara huɗu, tukunya ɗaya. Alhaji ya bar karatu da wuri ya kama kasuwanci, Allah Ya buɗa masa. Yana kiran Kawu Malamin Annasara, Kawu na kiransa Sarkin Jamus, su yi ta dariya. Shi ya samo wa ƴan Nijar na unguwar ɗakin salla a ƙasan wani bene, makulli a hannunsa, shi ne kuma shugaban ƙungiya. Liman kuwa jama'a suka zaɓa, wani mutum mai sanyin murya da ke aiki a ɗakin ajiyar kaya.

Wata Juma'a liman ya yi magana a kan masu ɗaukar ƴan'uwansu aiki ba takarda, su wahalar da su don sun san ba inda za su kai ƙara. Bai ambaci suna ba. Juma'ar da ta biyo, ina bayan labule wajen mata, na ji Alhaji ya miƙe kafin huɗuba ya ce daga yau ɗan ƙanensa, wanda ya dawo daga karatu, shi zai riƙa jan salla. Sai muryar Kawu, wadda ban taɓa ji da ƙarfi haka ba.

"Alhaji, makulli aka ba ka. Ba a ba ka liman ba."

"Malam, zamna. Wagga magana ba ta littafi ba ce."

"Ta littafi ce. Kuma na san ta tun ban iya karatu ba."

Ya ɗauki takalmansa ya fita, liman ya bi shi, mutum kamar goma suka bi su. Daga ranar Kawu ya yi wa amininsa abin da Limamin Rum ya yi wa sarki, shi kaɗai ba tare da ya tara kowa ba. Ba gaisuwa, ba cin abinci tare, in Alhaji ya shigo taron suna shi ya fita. Juma'a ya koma masallacin Larabawa. Amma kowace Asabar da safe sai ya hau tiram, jirgin cikin gari, ya je gidan limamin da aka cire, ya jira azahar su yi tare, shi a baya, don kada mutumin ya wayi gari ba mai bin sa salla. Ni kuwa ina bayan Kawu ɗari bisa ɗari. In ya fara hucewa ma, ni ce mai zuga shi.

Bayan kusan shekara biyu, cikin watan Janairu, ina gidan Kawu wata Asabar da yamma ina wanke masa kwanoni, aka ƙwanƙwasa. Na leƙa ta ɗan ramin ƙofa. Alhaji ne, shi kaɗai, yana haki, don na'urar hawa bene ta yi sati a lalace, hawa tara ya taka da ƙafa. Ya yi sallama sau uku. Ya ce, "Malam, ni ne. Gafara na zo nema." Kawu na zaune da kati a hannu, bai amsa ba. Na ce a raina, bari ya ɗanɗana. Alhaji ya tsaya kamar awa guda, ya sauka.

Lahadi ya dawo. Ranar ƙanƙara ta sauko, unguwar Kawu, Minguettes, duk ta yi fari, benaye tsaye cikin shiru, ko ƙarar mota ba a ji. Kawu ya tsaya a taga yana kallo, jikinsa ne kawai a ɗakin, ina ganin ya riga ya tafi waccan ganuwar ta Canossa. Litinin na ƙi zuwa aiki na zo, don jikina ya ba ni Alhaji zai dawo. Ya kuwa dawo. Wannan karon sau ɗaya ya ƙwanƙwasa, ya zauna kan matakala, ina jin tarinsa. A nan fushina ya ƙare, kunya ta kama ni.

"Kawu, yau kwana uku. Ko Limamin naka a na uku ya buɗe."

"Ya buɗe," ya ce. "Kin manta abin da ya same shi? Zaɓen ƙungiya saura wata biyu. Ƙafarsa yake son ta tsaya. Na san ƙarshen labarin nan."

"Alhaji bai san wani Canossa ba, Kawu!"

"Ba sai ya sani ba."

Na kama hannun ƙofa, ya ce in na buɗe, ba ni ba shi. Na saki. Wannan sakin ina jin sa a tafin hannuna har yau. Da la'asar muka ji takun Alhaji yana sauka a hankali, hawa bayan hawa.

Alhaji bai tsaya zaɓe ba. Kafin sanyi ya wuce ya miƙa makulli, ya tattara ya koma Paris wajen babban ɗansa a La Courneuve. Jama'a suka mayar da tsohon liman. Kawu ya yi nasara, amma ban ga ranar da ya yi murna ba. Ya daina ba da labarin Canossa, in ɗalibai suka nema sai ya ce ya gaji. Katunansa suka koma kan sulhun da aka yi bayan masu rigimar duk sun mutu, inda aka ce coci ta ba da zobe da sanda, sarki ya ba da gonaki da sarauta. "Shekara kusan hamsin suka ɓata," ya ce mini wata rana, "a kan abin da mutum biyu za su gama kafin shayi ya huce." Amma bai ɗaga waya ba. Girman kai ne ko tsoro, ban sani ba. Ina jin duka biyun ne.

Shekara shida a haka. Ranar da likita ya gama yi masa bayanin abin da ke cikin hantarsa, muna fitowa daga asibiti ya ce, "Nemo mana jirgin ƙasa. Paris za mu." Ban tambaye shi wajen wa ba. A hanya bai runtsa ba, yana kallon gonaki suna wucewa cikin hazo, yana motsa baki. Ashe jawabin neman gafara yake haddacewa, ya rubuta shi a kati gaba da baya. Ya ce in Alhaji ya ƙi buɗewa zai zauna a matakala ko kwana nawa ne, kuma kada in sa baki.

Ba mu gama ƙwanƙwasawa ba aka buɗe. Hajiya ce, matar Alhaji. Ta dubi Kawu daga sama har ƙasa, ta amsa gaisuwa a taƙaice, ta matsa gefe. Alhaji na zaune a falo da bargo a ƙafa, ya rame, gemunsa fari fat. Yana ganin Kawu fuskarsa ta washe.

"Malamin Annasara! Ina ka shige tun safe? Na aza ka tsaya wurin littattafan ga naka. Ka sawo muna burodin?"

Kawu ya durƙusa gabansa gwiwa biyu, ya fara jawabinsa. Bai kai rabi ba Alhaji ya dafa kafaɗarsa yana dariya. "Gafarar mi? Mi ka yi min? Kai dai ka cika son wasa." Ya juya ya ce a kawo wa abokinsa shayi, jarrabawa gare shi gobe.

A kicin Hajiya ta faɗa mini, da ƙarfi don na falo ya ji. Satin da Alhaji ya hau benen Kawu sau uku, satin ne likita ya gaya masa kansa ya fara zubar da abubuwa, kuma ba zai daina ba. "Ya ce min, bari in tai in roƙi Malam tun ina tune da laifina. Kwana ukku shina dawowa da ƙafa kumbure. Shi ya mance. Ni ban mance ba." Na leƙa falo. Kawu na nan durƙushe, katin a hannunsa, ya rasa inda zai sa shi. Mutumin da zai yafe masa yana gabansa, har yana riƙe da hannunsa, amma bai san an yi faɗa ba.

Sai agogon bango ya yi kiran la'asar. Abu ɗaya da ciwon bai taɓa ba shi ne salla. Alhaji ya miƙe da kansa, ya ja Kawu suka yi alwala, na shimfiɗa musu darduma. A lokacin ne na lura da abin da na shekara goma sha biyar ina kallo ban gani ba: ban taɓa ganin Kawu ya ja salla ba. Ɗan liman ne, ya san karatu, amma ko shi da ɗalibi ɗaya ne sai ya tura ɗalibin gaba. Yanzu ma gefe ya tsaya yana jiran mai gida ya shiga. Alhaji ya kama shi ta kafaɗa ya tura shi kan darduma ta gaba.

"Shiga, Malam. Kai ne limaminmu."

"Alhaji," Kawu ya ce, "wa ya naɗa ni?"

"Ni mana. Wa za ya hana?"

Shekara arba'in Kawu ya yi yana tara hujja cewa mai makulli ba ya naɗa liman, kuma na san ba hujjar da ya manta. Ya dubi amininsa, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya sa katin a aljihu, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga hannuwa ya yi kabbara. Na tsaya a baya ni kaɗai, don Hajiya na bakin kicin, hannu a harɗe, ba ta motsa ba. Karatun la'asar a ɓoye ake yin sa, amma kafaɗun Kawu rawa suke. Mun ɗago daga sujada, mun miƙe raka'a ta biyu, sai na ji kafaɗar Hajiya ta taɓa tawa.

Bayan sati biyar ya rasu. Ya Allah, Kai da ba Ka mantuwa, Ka yafe masa abin da amininsa ya manta.